Cibin da ya ƙi komawa: nazarin lamarin wani yaro ɗan shekara 3 a Zariya

An kawo shi asibiti da daren Talata bayan sallar isha'i. Yaro ne ɗan shekara 3 da wata 4, daga wata unguwa a cikin birnin Zazzau. Na sakaya sunansa da na iyayensa. Abin da aka rubuta a katinsa bai fi layi biyu ba: amai tun jiya, ciki ya kumbura, bai yi bayan gida ba, cibi ya yi tauri.

Da aka kwantar da shi aka ɗaga rigarsa, idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun bushe, kuka ma ba ya iya yi sai nishi. Zafin jikinsa 38.3, zuciyarsa na bugawa sau 146 a minti, nauyinsa kilo 12. Cibin ya tsaya cur, faɗinsa wajen santimita 4, fatar ta yi ja tana sheƙi, gefe guda kuma akwai ɗan tabon ƙuna sabo. Da likita ya ɗora yatsa a kai sai yaron ya zabura ya riƙe masa hannu. Ana cikin haka ya sake yin amai, kore shar.

Kakarsa ta wajen uba ce ta goyo shi, ita ce kuma ta ɗauki magana.

"Likita, cibin nan da shi aka haife shi. Ubansa ma haka ya yi, har yara na tsokanarsa, kuma ya koma da kansa ba wanda ya taɓa shi. Mu ba cibi ne ya kawo mu ba, amai ne."

Uwar tana tsaye a bayanta, kai a sunkuye. Ɗan farinta ne, ga kuma surukarta a wurin, don haka ko sunansa ba ta kama ba. Wanda ya daɗe yana aiki a asibitocinmu ya san wannan alkunyar, ya kuma san cewa rabin labarin yana bakin wadda ta yi shiru. Wata nas ta ja ta gefe da sunan za ta karɓi kati. A can ta buɗe baki.

"Sista, yaron nan ya taɓa yin haka. Tun bayan ƙaramar salla sau uku ke nan. Sai ya kama kuka yana dafe wurin, in taɓa in ji ya yi tauri. In ya yi barci ya tashi sai in ga ya saki. Inna ta ce tsutsar ciki ce, muka ba shi magani."

Wannan maganar da aka faɗa a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa, ita ce mafi nauyi a duk abin da aka ji a daren.

Kafin a bi yadda aka yi, ya kamata a san mene ne cibiya, don yawancin kuskuren da ake yi a kanta daga rashin sanin abin da ke bayan fatar yake tasowa. Gaban cikin mutum nama ne mai ƙarfi, sashen dama da na hagu, sun haɗu a tsakiya a kan wani farin layi mai tauri da ya taso daga ƙahon zuci ya gangara har mara. A kan wannan layin akwai ƙofa guda da aka bari a buɗe tun mutum yana cikin mahaifa, don ta nan igiyar cibiya ke shiga. Igiyar, wadda tsawonta kan kai santimita 50 zuwa 60 a lokacin haihuwa, tana ɗauke da jijiyoyin jini uku. Babbar guda ɗaya ita ke kawo jini mai abinci da iska daga mabiyiya, in ta shiga ƙofar sai ta haura sama zuwa hanta. Ƙananan biyu su ke mayar da jinin, suna tasowa ne daga ƙasa, ta gefen mafitsara dama da hagu. Akwai kuma wani siririn bututu da ya haɗa ƙofar da saman mafitsara, da wani da ya haɗa ta da ƙaramin hanji a farkon halitta, wanda yakan ɓace tun ciki yana ƙarami.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kowannenmu hanjinsa ya taɓa zama a waje. Wajen mako na 6 da shigar ciki, hanjin ɗan tayi yana tsawo da sauri fiye da yadda cikinsa zai iya ɗauka, sai ya fita ta wannan ƙofar ya zauna a gindin igiyar cibiya, ya juya, sannan ya koma mazauninsa tsakanin mako na 10 da na 12. Ke nan ƙofar tun asali hanyar wucewar hanji ce.

Bayan haihuwa an yanke igiya, guntun da ya rage ya bushe ya faɗi cikin mako ɗaya zuwa uku, jijiyoyin nan da suka daina aiki sai su ƙanƙance su zama zaruruwa. Uku daga ciki, wato ƙananan jijiyoyi biyu da bututun mafitsara, suna riƙe da ƙasan ƙofar. Samanta kuwa zare ɗaya kawai ke gare shi, na jijiyar hanta, shi ya sa can ne ya fi rauni. Ƙofar kan ci gaba da tsukewa a hankali har ta rufe, fata ta manne a kan tabon kai tsaye ba nama ba kitse a tsakani, abin da ya sa cibiya ke lotsawa ciki. Idan ƙofar ta yi jinkirin rufewa, duk lokacin da jariri ya yi kuka ko tari ko yunƙurin kashi, tantanin da ya shimfiɗe cikin ciki sai ya turo ta wurin ya zama 'yar jaka, hanji ko kitsen da ke lulluɓe da shi ya biyo. Wannan shi ne ƙabar cibiya, abin da muke kira cibi.

Saboda haka ba ungozoma ce ta yanke cibiya da tsawo ba, ba kuma yawan kuka ne ya jawo ba. Kuka yana nuna shi ne kawai. Na sha jin ana ɗora wa ungozoma wannan laifin a gidan suna, alhali almakashinta ko rezarta ba su kai inda ƙofar take ba. Inda hannun mutane ke yin ɓarna da gaske shi ne wajen kula da guntun cibiyar: gashi da kasko, shafa toka ko man goge baki, waɗanda ke buɗe hanyar ƙwayoyin cuta har da sarƙe-haƙora. Man chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti don wannan aka tanade shi. Amma wannan wata magana ce daban da ƙaba. Haka ma ɗaure kwabo da tsumma a kan cibi: ba ya sa ƙofar ta rufe da wuri, sai dai ya ci fata.

To, kakar yaron nan ba ƙarya ta yi ba, kuma wannan ne ya sa lamarin ya cancanci nazari. Cibi ya yawaita a 'ya'yan baƙar fata, ya fi yawa kuma ga bakwaini da jariran da aka haifa ba nauyi. Wani bincike da aka yi a Ogbomoso aka wallafa a 2001, wanda aka duba mutum sama da 4,000, ya sami ƙabar cibiya a kusan kashi 23 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara 18, ya kuma nuna cewa tana ci gaba da rufewa da kanta har wajen shekara 14. Mafi yawan yara kafin su kai 4 ko 5 an manta da zancen. Lokacin da uwar ta kai shi rigakafi yana wata 3 ta nuna wa ma'aikaciyar lafiya, aka ce mata, "Kar ki damu, zai koma." Amsar daidai ce. Illarta ɗaya, a nan ta tsaya.

Ga yadda sa'o'i 30 suka wuce. Ranar Litinin da hantsi ya bi yaran gidan suka ci aya mai yawa. Bayan azahar ya fara kuka yana naɗe ƙafafu. Da la'asar ya amayar da abin da ya ci. Kakar ta ɗumama tsumma a murfin tukunya ta gasa masa cibin, daga nan ƙunar ta samo asali. Da magariba aka kai shi wani kemis a bakin layi. Mai kemis ya ji "amai da zafin jiki", ya yi masa allurar zazzaɓin cizon sauro, ya ba da maganin tsayar da amai. Bai ɗaga rigar ba. Cikin dare aman ya koma rawaya.

Uban direba ne, yana hanya da lodin masara. An kira shi da safiyar Talata aka ce yaro na amai amma an yi masa allura. Ya ce Allah ya sawwaƙe, a ci gaba da ba shi maganin. Ba zan ga laifinsa ba, don ba wanda ya ambata masa cibi. Uwar kuma ga jaririya 'yar wata 4 a hannu, ga miji ba ya gari, ga surukar da ta riga ta yanke hukunci.

Bayan azahar wata maƙwabciya ta kawo shawarar a kira wanzami ya yi masa tsaga a fitar da mugun jini. Dattijon ya zo da zabirarsa, ya tsuguna, ya dubi cibin, ya ɗan taɓa da bayan yatsa, sai ya mayar da askarsa.

"Hajiya, wannan ba aikin aska ba ne. Ku kai shi asibiti, kuma kar ku kwana."

A duk waɗanda yaron ya bi ta hannunsu kafin ya iso, shi kaɗai ne ya duba wurin da idon basira. Da ya tsaga, tsakanin askarsa da hanjin yaron bai fi kaurin fata da tantani ba. Duk da haka sai da aka jira baffan yaron ya taso daga kasuwar Sabon Gari, aman kuma ya koma kore, sannan aka tari adaidaita.

Abin da ke faruwa a ciki a waɗannan sa'o'in shi ne abin da ke faruwa da yatsan da zobe ya matse. Jinin da ke shiga yana da ƙarfin turawa, wanda ke fita ba shi da shi, don haka yatsan ya kumbura, kumburin ya sa zoben ya ƙara kamawa, har jinin shiga ma ya tsaya. Hanjin da ya maƙale a ƙofar cibiya haka yake yi. Daga sama kuma abinci da ruwa da iska sun rasa hanyar wucewa, ciki ya cika, sai su dawo ta baki. Koren amai ruwan matsarmama ne da ya kamata ya gangara ƙasa, kuma a wurin yaro alama ce ta toshewar hanji har sai an tabbatar ba haka ba ne. Idan jini ya yanke gaba ɗaya, sa'o'i kaɗan sun isa hanji ya mutu, ya ruɓe, ya fashe a ciki.

Akwai wani abu da ke ruɗar iyaye a nan. Suna auna haɗari da girman cibin da suke gani. Likita kuwa ƙofar da ke ƙarƙashi yake aunawa da kan yatsa. Ƙaton cibi mai faffaɗar ƙofa, wanda yatsu biyu ko uku ke shiga, hanji na shiga yana fita a sake, bai cika maƙalewa ba, sai dai ya ƙi rufewa. Ƙofar da ta tsuke ta kusa rufewa, wadda kan yatsa ɗaya ke cikawa, ita ce mai kama hanji ta riƙe. Uwar ta ce a 'yan watannin nan har murna take yi don cibin ya fara raguwa.

Ba a yi ƙoƙarin tura shi ciki ba. Yaron da aka kawo cikin sa'o'in farko, fata lafiya, ba zazzaɓi, likita na iya ba shi maganin da zai kwantar da shi ya lallaɓa hanjin ya koma, a yi aikin washegari ko jibi. Amma bayan sa'o'i 30, da jan fata da zafin jiki, tura shi na iya zama mayar da mataccen hanji cikin ciki inda ba mai ganinsa. Aka sa masa robar hanci, ta zuƙo koren ruwa mai yawa, cikin ya ɗan saki. Aka ɗaura ledar ruwa, aka sa robar fitsari don a riƙa aunawa, aka fara allurar kashe ƙwayoyin cuta, aka ɗebi jini. Gwaji ya nuna gishirin jikinsa ya ragu saboda aman, ba shi da sikila, zazzaɓin cizon sauro ma babu.

Kakar ta kasa haƙuri da ta ga an kusa sa'a uku ba a shiga da shi ba. Ta tare likita a baranda.

"Ɗana, kai ka ce abin gaggawa ne. To me ake jira?"

"Inna, jikinsa ya bushe. In aka sa shi barci a haka zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Fitsari muke jira, da ya fara zuwa za mu shiga."

Ta koma ta zauna kusa da gadon tana kallon ledar fitsarin, carbi a hannu. Baffan ya sa hannu a takarda bayan an yi magana da uban ta waya. An shiga ɗakin tiyata bayan sha biyun dare.

An yanka fatar a lanƙwashe a ƙasan cibiyar, inda tabon zai ɓuya a cikin lotsawarta. Aka zagaye jakar, aka buɗe ta a hankali, wani ruwa ja-ja ya fito. A ciki akwai lanƙwasar ƙaramin hanji mai tsawon santimita 6, ta yi duhu, ta kumbura, ba ta motsi. Ƙofar kuwa santimita 1.2 ce kacal. Sai da aka ɗan tsaga ta sama aka faɗaɗa ta kafin hanjin ya saki. Ta jikin hanjin ana jin wani abu cunkus a ciki, dusar ayar nan ce da ba ta narke ba ta taru ta hana shi zamewa ya koma. Aka matsa ta a hankali ta wuce gaba.

Daga nan sai jira. Aka lulluɓe hanjin da ƙyalle mai ruwan gishiri mai ɗumi, mai ba da maganin barci ya ƙara iskar oksijin, kowa ya tsaya. Abu huɗu ake dubawa: launi, sheƙi, bugun ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da shi, da ko zai motsa in an ɗan taɓa shi. Bayan minti 10 aka ɗaga ƙyallen. Duhun ya washe ya koma ja mai haske, sai zoben shaida guda biyu inda bakin ƙofar ya ci. Aka ɗan ƙyasta shi da yatsa, ya tsuke ya saki. Ba a yanke komai ba. An bi sauran hanjin an duba ko akwai ragowar tsohon bututun nan da ke haɗa hanji da cibiya, wanda ake samu a kusan mutum 2 cikin 100, babu. Aka mayar da hanji, aka yanke jakar, aka ɗinke ƙofar da zare mai ƙarfi, aka kama fatar cibiyar aka ɗaure ta a ƙasa don ta lotsa kamar ta kowa. Yara ba a sa musu raga, wato ɗan ƙyallen roba mai ƙananan huji da ake ɗinkawa a wurin don ƙarfafa shi.

Kwana biyu bayan aiki ya fitar da iska, aka cire robar hanci aka fara ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Rana ta uku ya sha koko. Rana ta biyar aka sallame su. Ƙunar gashin ta fi ɗinkin daɗewa kafin ta warke.

Hanjin yaron nan ya tsira, amma ba na so wani ya karanta wannan ya ɗauka sa'o'i 30 ba komai ba ne. Jinin bai gama yankewa ba ne kawai. Wani yaron a rabin wannan lokacin sai an yanke masa hanji an haɗa.

Littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka sun daɗe suna cewa maƙalewar ƙabar cibiya a yara abu ne da ba kasafai ake gani ba. Likitocin tiyatar yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya, Emmanuel Ameh da abokan aikinsa, sun wallafa abin da suka gani a 2003: cikin yara 47 da aka yi wa aikin ƙabar cibiya a shekara 14, guda 30 da matsala suka zo, wasu hanji ya maƙale, wasu yana maƙalewa yana saki, wasu ma fatar ce ta fashe hanji ya fito. A fahimci wannan adadin da kyau. Ba ya nufin yawancin masu cibi za su shiga haɗari, don dubban da nasu ya rufe lafiya ba su taɓa zuwa asibiti ba balle a ƙirga su. Abin da yake nunawa shi ne a garin nan ba a kawo cibi sai ya ɓaci.

A ganina wurin da aka fi yin asara a lamarin yaron nan shi ne waɗancan karo uku da cibin ya yi tauri ya saki. Kowane ɗaya daga cikinsu ya isa dalilin a sa masa ranar aiki. Cibin da bai taɓa ciwo ba ana jiransa har shekara 4 ko 5. Wanda ya taɓa maƙalewa ko sau ɗaya ya fita daga sahun jira, haka wanda fatarsa ta yi siriri ko ta fara gyambo, haka wanda ƙofarsa ta haura santimita 2 kuma shekaru na tafiya ba ta raguwa. Aikin da aka shirya shi cikin natsuwa bai cika kai sa'a ɗaya ba, sau da yawa a ranar ake komawa gida, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na aikin tsakar dare da kwana biyar a gado ba. Uwar ta ga alamar da idonta har sau uku. Ba ta san sunanta ba ne, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata cewa akwai ranar da "zai koma" ke daina aiki.

Ƙarin da ya kamata a yi wa waccan amsar ta wurin rigakafi bai fi numfashi biyu ba. Zai koma, amma ranar da kika ga ya yi tauri, yana masa ciwo, ya ƙi shiga in kin danna a hankali yana kwance, ko launinsa ya sauya, ko ya haɗu da amai, kar ki gasa, kar ki danna da ƙarfi, kar ki ba shi abinci, ki nufi asibitin da ake tiyata ko da tsakar dare ne. In so samu ne a faɗe shi a gaban kaka ko uba, tunda sau da yawa ba uwar ce ke da ikon cewa a tashi a tafi ba. Ina kuma ganin ya dace a riƙa tambayar inda iyali suke zaune kafin a ce su jira. Jiran wanda ke Tudun Wada ko Samaru daban ne da na wanda ke wani ƙauye a bayan Giwa ko Soba, inda mota ba ta shiga da damina.

Da suka dawo bayan mako 6 tabon ya kwanta, yaron ya ƙara nauyi, yana cin komai. A ranar kakar ta jira kowa ya fita, sannan ta ɗan sassauta zaninta ta nuna wa nas wani kumburi a saman tata cibiyar, ta ce tun haihuwarta ta tara yake nan. Na manya ba ya rufewa da kansa. Yawan haihuwa, ƙiba, ko taruwar ruwa a ciki ne ke buɗe wurin, kuma ya fi na yara saurin shaƙe hanji, shi ya sa ake gyara shi, sau da yawa da raga. Aka rubuta mata takarda zuwa sashen tiyatar manya.

Uwar kuma ta kwance goyo ta miƙa jaririyar, wadda ita ma cibinta ya ɗan fito. Aka auna ƙofar, santimita 1, laushi, tana komawa da taɓawa ɗaya. Ba abin da za a yi mata yanzu. An rubuta awon a katinta, an maimaita alamomin a gaban uban da kakar, aka ce a dawo da ita bayan wata 6 a sake aunawa.